Fedar Firiyam ta Gitar Bas Tana Ƙugi ko Sautinta Ya Yi Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi

Fedojin firiyam na gitar bas, irin su SansAmp Bass Driver DI na kamfanin Tech 21, da MXR M80, da Darkglass B7K, da Behringer BDI21 mai sauƙin kuɗi, aikinsu kusan ɗaya ne. Suna karɓar ɗan sautin da ke fitowa daga gita, su ƙara masa ƙarfi, su gyara masa murya, sannan su miƙa shi ga amfilifaya ko miksa. Sai dai abin da ke ƙara ƙarfi ba ya tankaɗe. Duk dattin da ya biyo sauti ya shigo, shi ma ɗaga shi zai yi. Shi ya sa sau da yawa ake barin jaki ana dukan taiki: a kai feda wurin mai gyara alhali ɓarnar tana cikin kebul, ko adafta, ko wayarin ɗakin da ake kiɗa.

Feda ta fara ƙara. Daga ina zan fara bincike?

Ka fara da cire ta gaba ɗaya. Haɗa gita da amfilifaya da kebul guda ɗaya, ka saurara. In ƙarar tana nan, ka wanke feda, sai ka koma kan gita, kebul ko amfilifaya. In shiru ne, sai ka dawo da feda ita kaɗai a kan sabon batir, ba adafta, ba wayar miksa, ba wata feda a gabanta ko a bayanta. Daga nan ka riƙa ƙara abu ɗaya-ɗaya: adafta, sai wayar XLR, wato mai fil uku da ke zuwa miksa, sai sauran fedoji. Abin da ka saka ƙarar ta dawo, shi ne mai laifi, ko kuma shi ne ya buɗe wa mai laifin ƙofa.

Kada ka canja abu biyu a lokaci guda. Wanda ya sauya kebul da adafta tare, ƙara ta ɗauke, bai san abin da ya gyara ba, kuma gobe zai sake mayar da mai matsalar.

Akwai wani gwaji mai sauri. Murɗe bolum ɗin gita har ƙasa. In ƙarar ta tafi, to gitar ce ke ɗauko ta daga cikin ɗakin. In tana nan yadda take, ka nemi matsalar daga kebul zuwa gaba.

Ƙara ai ƙara ce. Me ya sa ake tambayata wace iri ce?

Domin kowace tana faɗin inda ta fito, in ka san yarenta.

Ƙugi mai kauri, marar yankewa, na wutar lantarki ne. A Najeriya, Nijar, Gana da Turai wutar soket tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka sau 60. Mai kaɗa bas yana da sa'a a nan, domin zai iya tabbatarwa da kunnensa: danna firet na uku a babbar tsirkiya, wato G mai 49 Hz, mai kaɗawa sau 49 a daƙiƙa ke nan. In ƙugin ya yi kusan daidai da wannan sauti, wutar soket ce ke kutsowa. In ya ninka wannan, wajen 100 Hz, galibi adafta ce ba ta tace wutarta da kyau.

Ƙara mai kaifi kamar ta zuma a cikin gwangwani ita ma daga wuta take, amma ta kayan da ke datsa wutar: fitilun LED masu araha, fitila mai dogon kwai, regileta ta fanka, cajar laftof, inbata.

Huci, wato wannan "shhh", daga cikin kayan ƙara sauti yake tasowa, kuma babu na'urar da ba ta da shi ko kaɗan ne. Tsuwwa siririya tana yawan fitowa daga adafta ko daga wata feda mai aiki da ƙwaƙwalwar kwamfuta da kuke shan wuta ɗaya da ita. Ƙaraf-ƙaraf da ke zuwa idan ka motsa, wannan mahaɗi ne ya saki ko ya yi datti. Sai "dit-dit-dit" da kowa ya sani, na wayar salula. Cire ta daga aljihun da gitar ke jingina a kai.

A kan batir shiru, da na saka adafta sai ƙugi. Adaftar kuma 9V aka rubuta a jikinta.

Rubutun 9V kaɗai bai isa ba. Abu huɗu ake dubawa.

Na farko, DC ce, wato wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, ko AC mai juyawa irin ta soket. Akwai adaftocin 9V masu fitar da AC, kuma irin wannan tana iya kashe feda nan take. Na biyu, ina ne kan wutar. Yawancin fedoji suna bin tsarin da Boss ya yaɗa: bakin milimita 2.1, tsakiyarsa alamar ragi, gefensa alamar ƙari. Adaftocin sauran kayan gida galibi akasin haka suke. Duba ɗan zanen da ke jikin adafta, ka gwada shi da na jikin feda kafin ka soka. Na uku, yawan mA, wato yawan wutar da adafta ke iya bayarwa. Adafta mai mA da ya fi abin da feda ke buƙata ba ta cutarwa, feda iya cikinta za ta ja. Wadda ta gaza ce ke kawo ƙugi da raunin sauti. Na huɗu, tsabtar wutar. Tsofaffin adaftoci masu nauyi waɗanda ba su da abin daidaita wuta a ciki suna iya fitar da bolt 12 ko fiye alhali 9 aka rubuta, kuma su ne sarakan ƙugin 100 Hz. Ƙananan marasa nauyi na kasuwa kuwa, irin masu maɓallin zaɓen bolt, tsuwwa suke kawowa. Ni dai ba na ba kowa shawarar saka wa firiyam irin waɗannan, ko na rana ɗaya ne.

Ba kowace feda ce mai bolt 9 ba. Aguilar Tone Hammer, alal misali, bolt 18 take ci. Amma kada ka ɗura wa feda mai 9 bolt 18 don ka ji an ce yana ƙara faɗin sauti, sai in masu ita sun rubuta cewa tana ɗauka. In kuma kayan daga Amurka aka kawo su, karanta bayan adaftar: wadda aka rubuta 120V kaɗai za ta ƙone a soket ɗinmu mai 230.

Sai batun wayar nan mai kawuna da yawa da ake jona fedoji biyar a adafta guda. Tana aiki a tsakanin fedoji masu sauƙin gini. Da ka haɗa da fedar saita tsirkiya, ko ta maimaita sauti, ko wata mai allo, tsuwwarsu za ta bi wayar ta shiga firiyam, ita kuma ta ƙara mata ƙarfi. Ba wa firiyam adaftarta ita kaɗai, ko ka sayi akwatin wuta wanda kowane bakinsa a ware yake daga ɗan'uwansa.

Da wutar NEPA lafiya lau, da an tada janareta sai komai ya rikice.

Ƙaramin janareta ba ya riƙe 50 Hz daram. In kaya suka yi masa nauyi sai ya sassauta, in aka rage sai ya zabura, kuma za ka ji ƙugin yana hawa yana sauka tare da kukan injin. Bugu da ƙari, sau da yawa ba a haɗa shi da ƙasa. Inbata mai araha wadda ba ta ba da wuta mai santsi ita ma tana da tata ƙarar mai kaifi.

Abin da za ka iya yi a wurin biki ko coci: mayar da feda kan batir, jona duk kayan sauti a layi guda, ka raba su da layin fitilu, firji da fankoki. Sitabilaiza tana gyara hawa da saukar bolt, amma ba ta wanke dattin wuta, don haka kada ka sa rai da ita a nan.

Komai shiru har sai na jona XLR zuwa miksa.

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace sauƙin magani. Amfilifayarka tana da hanyarta zuwa ƙasa ta soket ɗin dandamali, miksa ma tana da tata ta wani soket can nesa. Da ka haɗa su da XLR, ka rufe zobe, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta rigar kebul. Danna maɓallin da aka rubuta Ground Lift. Yana yanke fil na 1 na XLR, zoben ya katse, sauti kuma ya ci gaba da bi ta fil na 2 da na 3.

Lura da abu ɗaya. Fedoji irin SansAmp da M80 suna iya shan wutar bolt 48 da miksa ke turowa ta XLR, kuma wannan wuta ta fil na 1 take komawa. In ka yanke shi, sai ka tanadi batir ko adafta.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne karya ƙafar at, wato wadda ke haɗawa da ƙasa, ta fulogin amfilifaya don ƙugi ya tafi. Zai iya tafiya kuwa. Amma tsirkiyoyin gitarka a haɗe suke da jikin amfilifayar, kuma ranar da wani abu ya lalace a ciki, wutar da ya kamata ta bi ƙasa ta jikinka za ta bi. Makaɗa sun rasa rayukansu ta wannan hanya. In ka taɓa jin makirufo ya ɗan ja ka a leɓe kana riƙe da gita, dakatar da kiɗan, a kira mai wayarin.

Idan na taɓa tsirkiya ƙarar tana raguwa, in na saki ta dawo. Gitar ce ta lalace?

A'a, alama ce ma cewa wayar da ta haɗa ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai da ƙasa tana nan lafiya. Jikinka ne ke tattaro ƙarar ɗakin ya kawo ta kusa da fikof, wato abin da ke ɗauko sautin tsirkiya a jikin gita, da ka taɓa tsirkiya sai ta sami hanyar zubewa. Maganin dindindin shi ne a liƙe ramukan cikin gitar da tef ɗin tagulla, a haɗa shi da ƙasa. In kuwa taɓawar ba ta canja komai, ko ma ƙarar ƙaruwa take, to wannan wayar ta tsinke, ko an juya wayoyin jak, wato ramin da ake soka kebul.

Irin fikof ma yana da tasiri. Fender Jazz Bass, da ɗimbin gitocin da aka kwaikwaya daga gare ta, tana da fikof biyu, kowanne mai naɗi ɗaya. In ka buɗe bolum ɗinsu duka biyun daidai, ƙugin ɗaya yana kashe na ɗayan. Da ka rage ɗaya sai ƙugi ya leƙo. Haka aka ƙera ta tun 1960, ba cuta ba ce. Fikof ɗin gitar Fender Precision mai gida biyu, wanda ya fito a 1957, shi yana kashe ƙuginsa da kansa. Juya jikinka a hankali kana riƙe da gitar, za ka sami kusurwar da ƙarar ta fi lafawa, kuma kada ka tsaya dab da tiransifomar amfilifaya.

Huci yana yawa idan na ƙara Drive ko Treble.

Dole ne. Huci a saman sauti yake zaune, kuma Treble da Presence saman suke ɗagawa. Amma akwai kuskuren da ke ninka shi: mutum ya rage bolum ɗin gita rabi, sannan ya ƙure na feda don ya cike giɓin. Buɗe gitar sosai, ka ba feda sauti mai ƙarfi tun daga tushe, ka rage nata aikin.

Na biyu, in ka shigar da feda ta bakin gaba na amfilifaya, firiyam biyu ke nan a jere, kowanne da hucinsa da gyaran muryarsa. Gwada bakin baya da aka rubuta Return ko Power Amp In. In babu, mayar da maɓallan muryar amfilifaya tsakiya, ka bar wa feda aikin.

Maɓalli yana ƙaraf-ƙaraf idan na murɗa shi.

Ƙura ce, musamman bayan hunturu. Fesa ɗan maganin wanke mahaɗan lantarki a cikin ramin bolum ɗin daga ciki, ka murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Ba WD-40 na sassauta noti ba, ba fetur ba, ba man keke ba. Jak kuwa damina ce ke cinye shi da tsatsa: fesa wa kan kebul maganin, ka soka ka zare har ya goge.

In ka wanke ƙarar ba ta tafi ba, ko dai gawayin cikin bolum ɗin ya cinye, ko wata kafasita ta fara yoyo tana barin DC ya hau kansa. A hali na biyu, ko ka sa sabon bolum ƙarar za ta dawo.

A tsananin bushewar hunturu akwai kuma 'yar tas-tas da ke fitowa idan yatsa ya goge robar gaban gita. Wutar gogayya ce ta taru a jikin robar, babu ruwan feda.

Ba ƙara ce damuwata ba. Da na taka feda sai sauti ya yi ƙasa.

Batir tukuna. Idan ya sauka wajen bolt 7, fedoji da yawa sukan fara rauni, sautin ya riƙa tsagewa a kan manyan tsirkiyoyi, alhali fitilar tana ci. Fitila ba shaida ba ce. Auna batir ɗin da mita yana jone feda na aiki, domin mataccen batir yakan nuna lamba mai kyau idan ba a ɗora masa kaya ba. Ka kuma sani cewa a yawancin fedoji soka kebul a bakin Input shi ne kunnawa. In ka bar shi a ciki ka tafi gida, batir na ci har gari ya waye, ko da fitila a kashe take.

Sai maɓallai. Level, Drive da Blend suna shafar juna, haka ma maɓallan murya. A firiyam irin waɗannan, tsakiya shi ne ba ƙari ba ragi. Wanda ya saba da tsohuwar rediyo ya mayar da Bass da Treble ƙasa yana zaton "sifili" ke nan, to ya yanke sautinsa da hannunsa. Mayar da komai tsakiya, sannan ka ɗaga Level har ƙarfin ya yi daidai da lokacin da feda take a kashe.

Duba ƙananan maɓallan da ake dannawa ba a sani ba. Maɓallin Pad mai rage desibel 20 yana mayar da sauti kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, kuma ƙafa ko jaka tana iya danna shi. Duba kuma ko ka soka kebul a bakin Parallel Output, wanda ke fitar da sautin gita tsurarsa ba tare da ya bi ta firiyam ba.

In kana tura fawa-amf, wato sashen amfilifaya da ke tura sifika, kai tsaye, ka tuna cewa yana buƙatar kusan bolt ɗaya ko fiye kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa, kuma ba kowace feda ce ke kai nan ba sai an danna mata maɓallin ƙari. Wannan rashin dacewa ne tsakanin kaya biyu masu lafiya.

Daga ɓangaren gita kuwa, fikof da ya nutse yana rage sauti. Danna firet na ƙarshe, ka auna tazarar tsirkiya da fikof: milimita 2 zuwa 3 wuri ne mai kyau na farawa.

A gida sautin cike yake, da ganguna da fiyano sun shigo sai na ɓace.

Wannan ba ƙarancin ƙarfi ba ne, ƙarancin tsakiya ne. Idan ka ɗaga Bass da Treble, tsakiyar sauti ce ke komawa rami, kuma da ita kunne ke gane bas a cikin taro. SansAmp na farko ya yi suna da wannan, domin ba shi da maɓallin Mid, sai a na biyu aka ƙara shi. Dabarar masu amfani da shi ita ce su rage Bass da Treble kaɗan, su ɗaga Level, su kuma ja Blend baya don sautin gita na asali ya shigo. Kai kaɗai za ka ji kamar ya rage daɗi. A cikin taro kuwa a nan za a ji ka.

In ana ɗaukar bas ta XLR da kuma makirufo a gaban sifika a lokaci guda, kaurin sautin yana iya cinye juna. Mai miksa ya danna maɓallin Ø, mai juya kan sauti, a layi ɗaya, ku saurara.

Ta bakin jak lafiya, ta XLR ne kawai babu ƙarfi.

Canja kebul. In ɗaya daga cikin wayoyi biyu masu ɗaukar sauti ta tsinke, sauti yakan ragu da kimanin desibel 6, ƙugi kuma ya shigo. Bayan haka a duba Pad na miksa, da kuma ko an shigar da kai ta bakin Line maimakon na makirufo.

Gitata mai batir ce a ciki. Da wani abin da ya shafe ni?

Batir biyu gare ka, kuma na cikin gita aka fi mantawa. Idan ya mutu, feda ce za ta sha zargi. Sannan ka kula da kan kebul. Mai zobe ɗaya ake so. Mai zobe biyu, irin na sitiriyo, ba ya rufe hanyar batir a jak ɗin gita ko na feda, sai ka ji shiru ko ɗan sauti can ƙasa. Kebul ɗin sifika shi ma kansa iri ɗaya ne da na gita, amma ba shi da rigar kariya a ciki, ƙugi kawai zai kwaso maka. Kwance murfin kan ka gani: na gita waya ɗaya ce a tsakiya da saƙar tagulla kewaye da ita.

In sayi fedar da ke toshe ƙara, in huta?

Tana rufe ƙofa ne idan ka yi shiru, da ka kaɗa ƙarar ta biyo sautin ta fito. Tana da amfani ga mai son sauti mai tsagewa sosai. Ga ƙugin adafta ko na zoben ƙasa kuwa, asarar kuɗi ce, kuma takan datse jelar dogon sauti.

Na gwada duk wannan, na tabbata fedar ce. In na buɗe me zan duba?

In feda ce mai bolt 9, wutar cikinta ba ta da haɗari. Wadda ke da bututun gilashi a ciki, ko wadda ake jonawa kai tsaye a soket, bar wa gwani.

Fara da ido. Dalmar ƙafafun jak da ta bakin adafta ita ke fara tsagewa, domin nan ake ja ana taka. Tsagar siririya ce kamar gashi, sai da haske mai kyau, kuma sake narka dalmar yana warkar da fedoji masu yawa. Duba wayar maƙalin batir, da kafasita mai kumburin kai, da farin gari ko kore na batir da ya yi yoyo. Kunna feda, ka riƙa ƙwanƙwasa kayan ciki da tsinken katako. Inda ka taɓa sauti ya motsa, nan ne.

Sai mita. A fedar da ke da ai-si, wato ɗan baƙin kayan ƙara sauti, mai ƙafa takwas irin TL072 ko 4558, ƙafa ta 8 ya kamata ta nuna kusan bolt 9, ta 4 sifili, ta 1 da ta 7 kuma rabin wutar, wajen 4.5. In rabin nan ya kauce sosai, sauti zai yi rauni ya riƙa yankewa, sai a bi resistoci biyu da kafasitar da ke samar da shi, ko ai-si ɗin kansa. Wasu fedoji suna ninka wutarsu a ciki, don haka lambobinsu za su bambanta. In an taɓa soka mata adafta mai juyayyen kai, diyod ɗin kariya da ke kusa da bakin wuta ake fara aunawa.

Masu gyara suna da wata dabara mai araha: a sami tsohon kebul, a liƙa kafasita mai 100nF a wayar tsakiya, a maƙala rigarsa a ƙasan feda, ɗaya kan kuma a ƙaramar amfilifaya da aka rage wa murya. Sai a bi sauti da ƙafar kafasitar daga Input zuwa Output. Inda ya shiga da ƙarfi ya fito a raunane, nan ɓarnar take.

Mai gyaran rediyo na unguwa zai iya?

Jak, bolum, maɓallin takawa, kafasita da diyod, duk zai iya in hannunsa na da tsabta. Sabbin fedoji da yawa kayan cikinsu ƙanana ne da aka manna a fuskar allo, kuma a nan mai gyaran wayar salula ya fi shi kayan aiki. Tambayi kuɗin aikin kafin a fara, domin a feda mai araha gyara yana iya kusan kamo kuɗin sabuwa. In tana da garanti, kada a buɗe ta. Idan za ka tafi, ɗauki adaftarka da kebul ɗinka da ka saba aiki da su, ka kuma roƙe shi kada ya canja ai-si sai ya auna ƙafafunsa a gabanka.